Ƙaguwar da Turai Ta Bar Mana

Maganar da ke yawo a mashayar Polgarrow ita ce wai Loveday Nankervis ta loda ƙaguwa dubu goma a motar haya ta kai su birni a ɗauke su hoton fasfo, ɗaya bayan ɗaya, mai hoton yana ce wa kowace ta ɗaga kai ta daina motsi. Wasu har sun ƙara da cewa uku daga ciki an hana su biza saboda sun mintsini ma'aikacin ofis.

To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin ni na ƙaga ta. Ba a ɗauki kowa hoto ba, likitan dabbobi dai aka kira ya duba lafiyarsu. Kuma ba dubu goma ba ne, ita ta ce ɗari tara. Amma Loveday 'yar kawuna ce, tun muna rarrafe nake tsokanarta, in na ƙara gishiri haƙƙina na ci.

An haife ta ranar da guguwa ta kwashe rufin cocinmu, kuma har gobe ba a tantance ba ko iskar ce ta yi ɓarnar ko kukanta. Yayyenta maza biyu da an fita teku sai amai, ita kuwa tana da shekara tara take jan igiyar tarko a jirgin ubanta. Da kawu Jethro ya rasu, jirgin ya zama nata ba tare da kowa ya yi tari ba. Tafin hannunta kamar faifai, muryarta tana kai wa gaɓar Faransa in iska ta yi daidai. Mijinta Wilfred, bawan Allah, shekara talatin da aurensu har yanzu bai samu ya kai ƙarshen magana ɗaya ba.

Abin da take kamawa shi ne ƙaguwar nan mai ƙaya a gadon baya da dogayen ƙafafu, wadda muke kira gizo-gizon teku. Mummuna ce, ba a musu. Kuma a Polgarrow ba mai cin ta. Tun muna yara iyayenmu mata suka gaya mana cewa naman waɗanda ruwa ya ci take ci, wanda duk ya kawo ta gida sai ya sha mari. Saboda haka Loveday ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana ɗago ta daga teku, ba ta taɓa kai ta baki ba. Zuba su take a tankin ruwan teku da ke bakin gaɓa, su zauna da rai har Talata. Ranar Talata sai Eladio, wani direba ɗan Sifen mai gashin baki kamar tsintsiya, ya iso da babbar motarsa mai tanki, ya kwashe, ya haye jirgin ruwa ya kai wa mutanensa. Mu kuma mu tsaya muna tausaya musu, muna cewa lallai yunwa ta yi yawa a ƙasarsu.

Da aka zo ƙuri'ar fitar ƙasarmu daga Tarayyar Turai, Loveday ce ta fara ɗaura tutar masu son fita a jirgi. Tana da hujjarta. Kullum safiya tana ganin manyan jiragen waje suna sharar kifi a ƙofar gidanmu, an kuma ce mata in aka fita tekun zai dawo hannun masu shi. Ta je ta dangwala tun kafin a gama jera kujeru. Ni ranar ban samu zuwa ba, ƙafata ce ta riƙe a daidai ƙofar mashaya.

Shekara huɗu da rabi ba abin da ya sauya, Talata tana zuwa Eladio yana zuwa. Da fitar ta tabbata sai takardu suka zubo kamar fari. Ƙaguwar da a da take haye ruwa kamar mai shiga gidan maƙwabta, yanzu ba ta motsawa sai likitan dabbobi ya rubuta cewa lafiyarta lau.

Wata Talata a ƙarshen Yuli, rana ta buɗe irin wadda ba mu saba gani ba. Likita ya zo da safe, ya leƙa tanki, ƙaguwa ta leƙo shi, ya sa hannu a shafi bakwai, ya yi gaba domin wata saniya tana naƙuda a can wancan gefen gunduma. Da azahar Eladio ya iso. Ya karɓi takardun, ya juya su, ya dafe kai.

"Uwar ɗakina, da baƙin biro ya sa hannu."

"To da me kake so ya sa? Da jini?"

"Da shuɗi, ko ja, ko ma wane launi ban da na rubutun takardar. In na kai wannan can za su tsare ni a rana har kayan su mutu. Na gani da idona a lokacin sanyi, mota guda aka zubar."

Ta kira likita, wayarsa a kashe, hannunsa yana cikin saniya. Jirgin da Eladio zai hau kuwa ba ya jiran kowa. Sannan ya cire hula ya faɗi abin da ya zo da shi tun daga gida: maigidansa ya ce daga yau mota ba za ta ƙara ratsowa ƙananan garuruwa irin namu ba, wahalar takardun ta fi kayan.

Loveday ta tsaya tana kallon tankin. A wannan zafin, in sun kai Lahadi da rai sun yi ƙoƙari. Bayan su kuma, wa za ta kama wa? Ga wani mutumin Landan da ya sayi gidan hutu a kan tudu, wata biyu yana zagayar jirgin kawu Jethro, wai yana so ya saya ya girke shi a tsakar gida ya shuka furanni a ciki. Ta taɓa ce masa in ya ƙara taɓa jirgin da shi za ta ɗana tarko. Ranar nan da ta hango shi a kan tudu, sai ta sunkuyar da kai. Ni da na san ta, wannan ya fi zaginta ba ni tsoro.

Kafin Eladio ya tada mota, ya fito da 'yar tukunyarsa, ya kamfato ruwan teku, ya tafasa, ya jefa ƙaguwa ɗaya.

"Ruwan teku kawai, minti ashirin. Kar ki sa komai. Shekara ashirin da biyu ina kwashe muku zinariya kuna yi mini godiya."

Ya miƙa mata ƙafa guda. Ta mayar da hannu baya kamar an miƙo mata maciji. Ya yi dariya, ya rungume ta, ya tafi.

Asabar ɗin makon ce ranar idin garinmu. Al'adar ita ce a jera tebura a bakin gaɓa, kowane gida ya kawo girkinsa, kuma ba mai kai hannu sai wanda ya fi kowa tsufa ya bi ya ɗanɗana. Abin da ya ci, kowa sai ya ci. Abin da ya ture gefe, a ɗauke, mai girkin kuma ya sha gori har idi ya zagayo. A bana mai ɗanɗanon ita ce Iya Honor Jelbert, shekara casa'in da ɗaya, wadda duk garin ba wanda ya kai ta iya ba da labarin ƙaguwa da gawar masunta. Ni kaina kunnena na hagu ya fi na dama tsawo saboda ita.

Da safiyar Asabar Loveday ta aro tukunyar da coci ke dafa shayin mutum ɗari biyu, ta sa ni jigilar ruwan teku.

"Ke, kin haukace? Iya Honor fa! Gara ki miƙa wa kura ajiyar nama, ita ko banza za ta karɓa."

"Denzil, bokiti na ce ka ɗauka, ba shawara ba."

Da aka jera abinci, ga burodi mai zaƙi, ga soyayyen kifi, ga nama a cikin ɓawon fulawa, sai ga teburin Loveday a ƙarshe, ja wur, ƙafafu sun miƙe ta ko'ina. Masu busa ƙaho suka yi shiru a tsakiyar waƙa. Matar fasto ta toshe baki. Wilfred ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa.

Iya Honor ta taho tana dogara sanda, ta ɗanɗana nan, ta gyaɗa kai can, har ta iso. Ta daɗe tana kallon teburin. Loveday ta goya hannuwanta a baya.

"'Yar Jethro, mene ne wannan?"

"Abin da nake kamawa ne, Iya. Turai ta bar mana."

"Kin san abin da ake cewa a kansa."

"Na sani, Iya. Daga bakinki na ji."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Iya Honor ta ɗaga hannu, kowa ya zaci turewa za ta yi. Sai ta ce, "A ba ni cokali."

Ta jingine sanda. Ta kifar da ƙaguwa ɗaya, ta sa babban yatsa a wani wuri da ni ban san da shi ba, ta murɗa, ɓawon ya rabu biyu kamar an buɗe akwati. Ta fizge ƙafa, ta buga mata bayan cokali sau ɗaya tak, ta ɓalle tsinin farcen ta zaƙulo naman da shi, fari tas, bai gutsure ba. Duk wannan ba ta ko kalli hannunta ba. Ta ci, ta lumshe ido.

"Gishiri ya yi. Amma kin bar ta a wuta ta wuce da minti biyu."

Duk bakin gaɓar aka zuba mata ido. Loveday ta matso kusa da ita.

"Iya, a ina kika koyi wannan?"

"A madafin uwata, ƙofa a kulle, labule a sake." Ta fizgi wata ƙafar. "Kun zaci da me muka rayu lokacin da ba a da komai? Kifi na kasuwa ne, ba na yara ba. Wannan da ba mai saye ita ake dafa mana, a binne ɓawon a lambu kada maƙwabta su san mun kai ga haka. Ashe su ma maƙwabtan binnewa suke. Ba ku taɓa tambayar abin da ya sa kabejin garin nan ke ƙiba ba? Da Allah ya buɗa, sai muka ce 'ya'yanmu ba za su ci abincin talauci ba. Shi ne muka samo muku labari."

"Wato gawar masunta..."

"Ke, duk abin da ke cikin teku abin da ya samu yake ci. Kifin da kike soyawa azumi yake yi?"

Sai ga tsoho Hedley mai gyaran raga, shekara tamanin da bakwai, ya ture mutane yana cewa, "Matsa, Honor, a gidanmu da ruwan tsami muke ci." Kafin ka ce kwabo tsofaffin garin sun kewaye teburin, kowa da cokali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar maƙera. Ashe duk gwanaye ne, shekara saba'in suna ɓoye wa juna.

Iya Honor ta miƙa wa Loveday nama a tsinin farce.

"Karɓi. Na ci, dole ki ci."

Matar da ta taɓa shiga ruwa har wuya a tsakiyar hunturu don ta kwance igiya, sai ga ta tana rufe ido kamar za a yi mata allura. Ta tauna. Ta buɗe ido. Ta juya tana kallon teku ta wajen Sifen, ta ce, "Ɗan banzan nan Eladio. Shekara ashirin da biyu!"

Ranar an ci ƙaguwa dubu biyar, ita ta ce ɗari uku. Sauran, baƙi masu hutu da suka ga layi suka biyo ƙamshi, suka kwashe kafin Litinin. Mutumin Landan ma ya ci biyu, ya sake tayar da maganar jirgi, ta ce masa ya sayi tukunyar fure kamar kowa.

Yanzu Loveday tana da rumfa a bakin gaɓa, tukunya ba ta sauka daga kan wuta. Masu gidajen abinci daga garuruwan da ke kusa suna aiko mota da safe. Iya Honor tana da kujerarta a ƙofar rumfar, tana koya wa baƙi fasa ƙafa, tana zagin wanda ya ɓata nama. Ba komai ne ya dawo ba. Mutum biyu a garin sun sayar da jiragensu, manyan jiragen waje suna nan a inda suke, Talata kuma ta zama rana kamar kowace. Amma jirgin kawu Jethro kullum asuba yana fita, ba fure ko ɗaya a cikinsa.

Jiya na same ta tana tsame ƙaguwa, na ɗauki ƙafa guda ba tare da an ba ni ba, na ce, "Ranki ya daɗe, sarauniyar gizo-gizo. Kin jefa ƙuri'a a dawo miki da teku, an dawo miki da abincin kakarki. Kuma sai da ɗan Sifen ya koya miki tafasa ruwa."

Ba ta ko juyo ba.

"Ni dai na je na jefa, ta ƙone ni, na koyi girki. Kai kana ina? Ƙaguwata likita ya duba ta ya sa hannu shafi bakwai cewa lafiyarta lau. Kai shekara sittin kana yawo a garin nan, wa ya taɓa sa maka hannu? Ajiye ƙafar nan ka je ka wanke tukunya."