Waƙar Baba Mai Ɗaure Rodi

Shekarar da na fara tuƙa bas ɗin kamfani, ina kwasar ma'aikata daga masaukinsu na Sulay zuwa wurin gini a Dir'iyya, a ƙasar Larabawa, na ɗauka babu abin da wani zai koya mini a kan Indiya. Ni fa Bakano ne. Tun ina firamare nake haddace waƙoƙin fina-finansu ba tare da na san ma'anar kalma ɗaya ba, kuma hakan bai taɓa hana ni ware murya ba.

Fasinjojina kusan duk 'yan kudancin Indiya ne. Wani birkila a cikinsu ya turo mini waƙar fim a waya, mai gangar da ke sa ƙafa motsi ko ba a so. Da na tayar da mota da sassafe sai in saka ta, su hau tafi, wasu na dukan bayan kujera. Ni kuwa sai hura hanci nake, wai na iya da baƙi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tafawa ba, wani dattijo mai ɗaure rodi da ke zama a bayana. Kullum in ce, "Salamu alaikum, Baba," sai ya ɗaga hannu kawai ya juya wajen taga. Abin ya tsaya mini a rai. A unguwarmu gaisuwa kaɗai tana iya sa mutum ya makara aiki. Na yanke cewa ba ya ƙaunata, na kuma ƙudura sai na sa ya buɗe baki. Na ba shi dabino, ya karɓa shiru. Na ƙara ƙarar waƙar dominsa, ya ja ƙyallen kansa ya rufe kunne.

Na kai ƙara wurin birkilan da Larabcinmu na wurin aiki. "Abokina, Baban nan fi mushkila? Waƙar ƙasarku ce, amma ko kai ba ya gyaɗawa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce waƙar da Tamil take, yarensu, Baba kuwa Telugu yake ji, kuma shi kaɗai ne a bas ɗin, a ɗakin kwana ma haka. Wata tara ke nan ba ya hira da kowa sai in ya kira gida. Ni duk a zatona Indiyanci ɗaya ne, wanda jarumi ke rera wa budurwa a kan dutse. Kunya ta rufe ni.

Sai ya nuna mini yadda suke yi a can: fim ɗaya, waƙa ɗaya, amma a fitar da ita da yare huɗu ko biyar. Kiɗan yana nan yadda yake, kalmomin ne ake sakewa. Ya turo mini ta Telugu.

Washegari sai da muka hau babban titi na saka. Gangar ta shigo yadda aka saba, aka fara tafi, da murya ta fito sai tafin ya ɗan rikice. Ina kallon Baba ta madubi. Ya ɗago kai. Da motsa leɓe ya fara, kafin amshi na biyu ya saki wata murya mai kauri da ban san yana da ita ba, 'yan Tamil suna tafa masa. Saura ƙiris in wuce kwanarmu.

Da za su sauka ya tsaya ya dafa kafaɗata. "Inta Nijeriya," ya ce, "wen hagga inta?" Yana tambaya ina tawa take. Na ce "mafi", wato babu, ba su yi da Hausa ba. Sai da suka watse na zauna ni kaɗai, na lura ni ma tun da na karɓi bas ɗin nan ban taɓa yin Hausa da kowa a cikinsa ba. A ranar, kewar gida ta dame ni sosai.

Bayan kwana uku Baba ya shigo, kafin in buɗe baki ya riga ni. Ashe ya je ya sami wani ɗan Maraɗi mai kwaɓa siminti a wurin ginin, ya sa ya koya masa.

"Ina kwana, direba," ya ce, a karkace. "Yaya gida?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba." Sai da na baya suka fara buga kujera kafin na tuna ban saka giya ba.