Ɓarakar Katangarmu

Lokacin da aka kawo ni Kurmin Sarki amarya, akwai wata ɓaraka a katangar da ta raba mu da maƙwabta, daidai faɗin mace ɗaya da kwano. Ruwan sama ne ya fara cin wurin, ƙafafunmu suka ƙarasa. Ta nan nake shiga wurin matar gidan, wadda na riƙa kira Yaya don ta girme ni.

Ban yi boko ba, amma hayaƙi kam na iya karanta shi. In hantsi ya yi ban ga na madafinta ya tashi ba, na san babu. Sai in zuba tuwo in ratsa, in ce, "Yaya, ɗanɗana min miyar nan, kamar gishiri ya yi yawa." Ta ce, "Ke dai har ki mutu ba za ki iya girki ba." Ta cinye tas. Shekarar da gonar maigidana ta Maje ta ƙi, ita ma haka gishirinta ya yi ta yin yawa. Ko mazanmu ba su sani ba.

Da ma'aikatan Abuja suka cika gari suna neman haya, babban ɗana ya ce, "Inna, mu jera ɗakuna a jikin katangar nan." Ni na ce a yi, ba zan ɗora wa kowa ba. Kuma na ci moriya, har Makka na je da kuɗin ɗakunan. Bulo ya hau, ɓaraka ta toshe. Sai kowa ya koma girki da gas, hayaƙin ma ya ɗauke.

Bara wata mai kitso ta faɗa min Yaya ta kwana biyu garin kwaki kawai take jiƙawa, tun da ɗanta ya rasa aiki. Bango ɗaya tsakaninmu, ina ta juya shinkafa!

Na cika kular abinci na ɗauka da kaina. Yanzu sai an fita titi, a wuce shaguna da 'yan acaba, a zagaya. Kowa na ce min, "Hajiya, ina za a kai gara?" Ina shiga, 'yan hayar gidansu na tsakar gida suna kallo.

Na ce, "Yaya, ɗanɗana min."

Ta dubi kular, ta dubi mutanen. Ta ce, "Hajiya, alhamdu lillahi, yanzun nan na ci." Ba ta taɓa kira na Hajiya ba sai ranar.

Mun yi hirar ciwon gwiwa da waɗanda suka rasu. Da na tashi ta rako ni har zaure, ta miƙo min kulata da nauyinta. Ban yi musu ba, don da ni ce ma haka zan yi. Na biyo titi da ita na dawo gida.