Firjin Babanta

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka. Mai Firji ake ce mata, kuma ba don yabo aka laƙaba mata ba.

Babanta gyaran firji yake yi a wata rumfa bayan kasuwa. Bai taɓa zaunar da ita ya koya mata ba, don a ganinsa sana'ar ba ta mata ba ce. Amma ita ke kai masa abinci, kuma ba ta saurin komawa. Takan raɓe jikin ginshiƙi da kwano a hannu, tana kallon yadda yake fere waya da haƙori, yadda yake kara kunne jikin inji kafin ya taɓa shi. Da ya rasu, yayyenta maza suka raba kayan aiki, aka bar wani dogon firji wanda injinsa ya mutu, babu mai so. Ta ce a ba ta. Da shi ta zo gidan miji, ya yi shekaru a lungun ɗakin baya ana ajiye tsummoki a ciki.

Ita kuwa buga takardu take yi a wani shago, har waya ta cinye aikin, kowa ya koma rubuta abinsa da babban yatsa. Mai shagon ya sallame ta da godiya da wata tsohuwar kwamfuta. A zaman gidan nan ne ta lura matan layi na sayo 'yan tsaki daga nesa da tsada, rabi su mutu a hanya. Sai ta kwashe tsummokin. Ta ɗaura ƙwayayen fitila a ciki don ɗumi, ta ciro fankar kwamfutar ta liƙa a sama, ta yanka 'yar taga a ƙofar ta sa gilashin agogon bango, ta huda ƙananan ramuka a gefe don iska. Firjin da aka yi domin sanyi ya koma uwar kaza.

Zubin farko zafi ya yi yawa, ƙwan ya dahu. Layi ya yi mako yana dariya. Zubi na biyu aka ɗauke wuta, ya lalace, warinsa ya kori kowa daga ɗakin. Bayan nan ne ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi farantin sola da batir na hannu. Mijinta, mai aski ne a bakin titi, ya ce, "Injiniya, na ji na gani. Amma wannan shi ne na ƙarshe. Na gaya wa mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafan nan, ya zo ranar ɗaya ga sabuwar shekara. In babu tsako, ya ɗauki gawar nan, Inna ta samu wurin miƙe ƙafa."

Inna, uwar mijin, ita ke kwana a ɗakin bayan, kuma ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki," takan ce. "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ƙarfe ya yi kwanci ba."

Ƙwan da ke ciki wannan karon ba nata ba ne duka. Wasu matan layi ne suka tsame daga ɗan abin da suke da shi suka kawo mata a ɓoye, kowace ta yi wa nata alama da gawayi. Kullum ta zo juya ƙwan sai ta ga alamomin nan suna kallonta.

Ranar ƙarshe ta shekara, tana shara, ta ji wani siririn kuka. Ta tsaya cak. Ta saki tsintsiya ta kara ido a tagar: ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki na motsi a cikin tsagar. Can gefe ga wani. Ba ta gama murna ba idonta ya faɗa kan jar fitilar batir, tana ƙiftawa. Kwana da kwanaki gajimare ya rufe sama, ba ruwa ba rana, farantin sola na kan rufi kamar tire. Wutar gari kuwa an manta rabon da a gan ta. Ta saurari fankar. Ƙararta ta canja, tana ja kamar mai haki.

Ta san abin da zai biyo baya. In fitilun suka mutu yanzu, ɗumi zai sauka, tsakon da ya fara fasa ɓawo zai sandare a ciki. Batir ɗaya ne ta sani a kusa, kuma shi ke juya injin aski a shagon mijinta, a ranar da ya fi kowace ciniki.

"Inna, don Allah ki zauna min a nan. Ko me kika ji, kar ki buɗe."

"Ba kya jin suna kuka? Bayin Allah na neman fita, ki kulle su?"

"In iska ta shiga, fatar cikin ƙwan bushewa za ta yi ta manne musu. Su za su fito da kansu. Inna, na roƙe ki."

"To, likitar kaji. Jeki."

Amsar ba ta kwantar mata da hankali ba. Ta ja mayafi ta fita, tana waiwayen ƙofa.

Shagon ya cika har waje. Samari sun jeru a benci, kowa da waya a hannu, suna gardamar abin da sabuwar shekara za ta zo da shi. Wani na cewa kaya za su sauko, wani na cewa in ka ga abu ya sauko a garin nan to ruwan sama ne. A kujera wani tela ne zaune, an yafa masa ƙyalle, an kwashe gefe ɗaya na kansa. Ita ba mai shiga taron maza ba ce. Ta tsaya a bakin ƙofa har mijin ya hango ta a madubi.

"Injiniya, lafiya?"

"Sun fara fitowa," ta ce a hankali. "Batir ya mutu."

Bai kashe injin ba. Ya dubi bencin, ya dubi batirin da ke ƙarƙashin tebur, ya dube ta. "Yau? Kin ga mutanen nan kuwa? Cinikin yau shi zai riƙe mu wata guda."

"Na sani."

"Ki bari zuwa yamma."

"Ba za su kai yamma ba, Maigida."

Wani saurayi ya tuntsire da dariya. "Oga, kar dai kaji za su kore mu? Hajiya, wannan karon dafaffe ne ko soyayye?"

Ta ji kunya ta rufe ta har wuya, amma ba ta motsa ba. Ta tsaya kawai, kamar yadda take tsayawa jikin ginshiƙin rumfar babanta, injin askin na ta kuka tsakaninsu.

Telan ne ya ɗaga kai daga cikin ƙyalle. "Malam, da can kafin injin nan da me kake yi mana?"

"Almakashi da aska."

"Sun ɓata ne?"

"Suna nan."

"To ƙarasa min da su. Ni ma rashin wuta ya mayar da ni keken ƙafa, ban mutu ba. Gashi ai ba ya gudu."

Mijin ya ja dogon tsaki, ba ta san ko da ita yake ba ko da duniya. Sai shagon ya yi tsit: ya kashe injin. Ya durƙusa ya kwance wayoyin. Kafin ya miƙe, rabin bencin ya tashi, samari suka tsallaka titi zuwa shagon da ke da janareta. Ta ga yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora batirin a baro ya miƙa mata hannayen.

Ta tura. Titin duk ramuka, batirin na tsalle, tana tare shi da gwiwa. A ranta ƙofar firjin kawai take gani a buɗe, da hannun Inna a ciki tana ɓare ɓawo don taimako.

Ta tarar da ƙofar a rufe. Inna na zaune a ƙasa, ta jingina bayanta da ita kamar mai gadi. Sai dai firjin ba ya ganuwa. An lulluɓe shi da bargo, da zannuwan gado, da labulen ɗaki, an ɗaure da igiyar shanya tam.

"Fitilar ta mutu," Inna ta ce da alfahari. "Na ce kar sanyi ya kama su."

"Ramukan, Inna! Ta nan suke shan iska!"

Ta fizge igiyar ta ƙi kwantuwa. Ta sa haƙori. Inna ta miƙe da ƙyar tana salati, su biyu suka yi ta yaye bargo suna jifa. Cikin tagar duhu ne, kuma babu kuka. Ta haɗa wayoyin, ta kuskure, tartsatsi ya tashi, ta sake. Fitilun suka kawo. Fankar ta yi jim, sannan ta juya.

Suka haɗa kai a 'yar tagar. Tsakon da ya fara tsaga ƙwai yana nan yadda ta bar shi, baki a waje, ba motsi. Na gefensa ma haka.

"Na kashe su ko, 'yar nan?" Muryar Inna ta yi ƙasa, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ban sani ba, Inna. Bargon ya riƙe ɗumi. Ban sani ba."

Babu abin yi kuma sai jira, kuma jiran ya fi turin baro wuya. Hannunta ya kai ga mariƙin ƙofar, Inna ce ta buge shi. "Ke kika ce kar a buɗe." Suka zauna. Can da la'asar, daga jerin ƙwan da ke baya, wani ƙwai mai alamar gawayi ya girgiza. Sai siririn kukan ya dawo, guda ɗaya, sannan wani ya amsa.

Da safe mai gwangwan ya zo da kurarsa, yana buga ƙarfe a ƙofar gida. Ba duka suka fito ba. Na farkon nan bai tashi ba, da wasu da dama, kuma ta san akwai matan da za ta je ta faɗa wa da bakinta. Amma bayan gilashin agogon, 'yan tsaki sun bushe sun yi laushi, suna tattaka ɓawo suna ture juna.

Mijin ya daɗe a tagar, yatsunsa duk kumburin almakashi. Mai gwangwan ya sake bugawa.

"Maigida, ina kayan? Sabuwar shekara ce, kar a fara ta da ɓata lokaci."

Inna ce ta riga kowa zuwa ƙofa. "Wane kaya? Mai jego za ka ɗauka? Wuce, ɗan nan."

Mai Firji ba ta fito ba. Tana durƙushe tana shimfiɗa tsumma a kwali, tana kallon fitilar batirin shagon, wadda ita ma ta fara ƙiftawa. Ta ɗaga kai ta taga. Gajimaren na nan, amma ya fara yagewa ta gabas.

"Injiniya," mijin ya ce daga bayanta, "zuwa yaushe za a sallami batirina?"

"Akwai saura a ɓawo."

Sai ta ji ya ɗauki almakashi daga kan tebur, ya fita.