Makullin Zaure a Hannun Yaya

Yayata ta shekara goma sha tara tana mutuwa a bayan labule. A tsohon wasan kwaikwayon da aka san ƙungiyarmu da shi, ita ce matar sarkin da ta riƙe gari bayan mijinta ya faɗi a yaƙi. Da ƙura ta lafa, sai dattawa suka ɗauki sandar sarauta suka ba ƙanen mijin, ita kuwa ta shige ɗaki ta sha guba. Ba a nuna mutuwar, ɗan aike ne ke fitowa ya ba 'yan kallo labari. Ni ce mai yi wa 'yan wasa kwalliya, don haka abin da zan faɗa ganau ce ni, ba jiyau ba.

Sana'ar Yaya ɗinki. Da safe tana kan keke a wani shago da bai fi ɗakin girki ba, da la'asar ta rufe ta taho zauren da muke gwaji, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Duk rigar da aka taɓa hawa dandamalin nan da ita ta bi ta ƙarƙashin allurarta.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Malam, wanda ya kafa ƙungiyar, sai mazan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta karɓi makulli. Shekara uku ita ke raba wa kowa rawar da zai taka, ita ke lallashin mai zauren, ita ke bin masu fushi har gida ta dawo da su. Ba mu taɓa cika zaure kamar a shekarun nan ba. Na ce ta sa a rubuta a takarda cewa ita ce shugaba, ta ce Malam na da rai, da wane ido za ta kalle shi? Kunyar nan ita ta ci ta.

Bayan rasuwar Malam aka kira taro. Dokar ƙungiya ita ce wanda ya fi daɗewa yana fitowa a sarki shi ke gadon shugabanci, doka ce da aka kafa tun babu mace ko ɗaya a cikinsu. Sai ga mutum biyu sun yi kunnen doki, Dogo da Mai Gemu, waɗanda ita ta koya musu ko yadda ake tsayuwa a gaban jama'a. Suka yi ta cacar baki har aka kusa ba hammata iska. Can sai dattijon da ke kula mana da fitilu ya ce a yi shiru, ya samo mafita. Na ga Yaya ta gyara zama.

"Ƙanwata," in ji shi, "kaf cikinmu babu wanda ya san aikin nan kamar ke. Ke za ki zaɓa mana ɗaya a cikinsu."

Kowa ya ce madalla, har da masu cewa an karrama ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da zuciya ɗaya suka yi, ba wanda ya ga wani abu.

Ta zaɓi Dogo, don ya fi zuwa a kan lokaci. Ta kwance makullin daga gefen mayafinta ta ajiye a tebur. A hanyar gida na balbale ta da faɗa, na ce me ya hana ta buɗe baki ta ce ita fa? Sai da muka kusa shagonta ta tanka.

"Da na faɗa, da sai su yi ta ba ni haƙuri," ta ce. "Shi ne ba zan iya ji ba."