Turbar Awaki

Yagana 'yar Nguru ce, aure ne ya kawo ta Gashuwa. Mijinta Kalli masunci ne, ita kuma bandar kifi take yi, har hayaƙi ya rina mata idanu. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, kwalekwalensa ya dawo gaɓa babu kowa a ciki. Aka yi kwana uku ana nema, ba a samu gawa ba. Mata suka cika gida da kuka, ita ko ƙwalla ba ta yi ba, har ana tsegumi wai ba ta da zuciya. Tana da ita, ta dai mutu mata ne kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai.

Tunda Kalli ba shi da kabari, sai ta ɗauki inda jirgin ya tsaya a matsayin kabarinsa. Kullum da hantsi takan ratsa ciyawar kacalla ita kaɗai, ta tsaya ta kalli ruwa, ta koma ga bandarta. Haka ta yi shekara tara, ba wanda ya sani.

Bana Malam Haisam, shugaban 'yan sikawut na wata sakandare, ya ce ɗalibansa za su yi wa gari aikin gayya: hanyar ƙafa zuwa bakin kogi don masu motsa jiki. Suna neman inda za su fara suka ga siririyar turba cikin kacalla. Malam, gwanin bin sawu a bakinsa, ya duƙa, ya ga kashin awaki biyu-uku, ya yanke hukunci. Suka bi ta da adduna, suka faɗaɗa, suka kafa allo da benci daidai inda take tsayawa.

Ranar buɗewa Yagana ta tarar da mutane a kan bencin, suna cin gyaɗa suna ɗaukar hoto. Ta nemi fushi a ranta, ba ta samu ba.

Malam Haisam ya tarye ta da fara'a. "Sannu da zuwa, Iya. Kin ga aikin yara? Turbar Awaki muka sa mata, don da ba mai bin nan sai su."

"Allah Ya yi musu albarka," in ji ta. "Ni ce akuyar, ɗana."

Ya yi dariya, a zatonsa wasan tsofaffi ne.

Washegari da hantsi ta ɗauki mayafi, ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Can ta mayar da shi kan igiya, ta ƙara wa banda itace.