Golmon da Aka Yi a Bakin Injin Baba

Warin baƙin mai ya bugo ni a bakin wani gareji, sai ga ni a tsakar gidanmu na Zuru, da kayan makaranta a jikina, zaune a bayan rumbu ina kallon akori-kurar Baba an buɗe mata baki.

Baba tsohon soja ne, da kuɗin sallamarsa ya sayi motar don kwaso dawa daga gonarmu ta Manga. Da ta fara nishi a hawan tudu, wani abokinsa ya kawo masa sabon kamshaf, wato ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke juyawa a cikin inji yana ɗaga sandunan da ke tura bawul, 'yan murafun da ke buɗe wa iska hanya. Ya ce wannan ya fi tsohon ƙarfi.

A shekarar, saurayin Yaya yana ƙarshen golmonsa. A al'adarmu, mai neman aure yakan yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Shi bakanike ne, don haka Baba ya ce ya ajiye fartanya ya ɗaura kamshaf, a lissafa masa cikin aikin.

Ni mai kunya ce, ba na magana, amma ina gani. Na ga saurayin ya lakato baƙin fitila da yatsa ya shafa a kan bawul, ya mayar da tsoffin sandunan, ya juya injin da hannu a hankali. Da ya duba, gogewar ba ta fito a tsakiya ba, ta zame can gefe. Ya sake shafawa, ya sake juyawa, haka dai. Sandunan sun yi wa sabon ƙarfen gajarta.

Mai golmo ba ya yi wa surukinsa gardama. Sai ya bi ta wurin Mama, ya durƙusa a ƙofar madafa ya roƙe ta ta gaya wa Baba a bari ya auna, ya nemo masu tsawon da ya dace. Mama ta isar da saƙon tana miƙa tuwo. Baba ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ƙarfen da ya girme shi zai ce ya yi gajere? Ya mayar da su yadda ya same su."

Ya mayar. Injin ya tashi da wani kas-kas kamar ana soya gyaɗa a kasko, Baba ya ce sabon ƙarfe ne yake sabawa da gida. Ranar da aka ɗauko kayan farko na dawa, a kan hawa sanda ɗaya ta fita daga mazauninta ta lanƙwashe. A ka muka kwaso dawar nan, mutanen hanya suna yi wa soja sannu da faretin.

Da yamma Baba ya tara ƙannensa a zaure. Ya ce yaron da ba zai iya riƙe mota ba, ta yaya zai riƙe mace? Aka ƙara masa damina guda. Yaya ta riga ta ɗinka kayan aurenta na coci, ta naɗe su ta mayar akwati. Saurayin kuwa kansa a ƙasa, "Na gode, Baba" kawai ya ce.

Na tashi na je wurin Kaka, wadda ita kaɗai nake iya buɗe baki a gabanta. Na gaya mata zancen baƙin fitila duka. Tana tsinke kuɓewa ta ce, "Ke kina tsammani ubanki bai sani ba? Kowa ya sani. Suruki ai don ɗaukar laifi aka yi bayansa."

Wannan maganar ta fi hukuncin ciwo. Daga baya saurayin Yaya ya auna, ya nemo sanduna masu tsawo, motar ta yi shiru kamar sabuwa, Baba ya riƙa gaya wa abokansa cewa sai da ya tsaya a kan yaron. Auren sai bayan wani girbin.

Yanzu golmo ya ja baya, samari suna amsa wa iyayen budurwa ido cikin ido, tsofaffi na kukan tarbiyya ta lalace. Ina jin su, ba na taya su. Baba ya tsufa, mijin Yaya ne ke kai shi asibiti a bayan babur. Har yau idan aka taru Kirsimeti, Baba yakan nuna shi da sanda ya ba jikoki labarin shekarar da ubansu ya kashe masa mota. Mutumin nan mai furfura a gemu sai ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, Baba. Ni kuwa nakan ɗauki kwanona in fita waje.