Samirar da Ban Mayar Ba

A wannan watan na Agusta Malama Rifkatu ta cika shekara goma da rasuwa. Maƙwabciyata ce kuma abokiyar aikina. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan hayar da suka zauna a Gwarzo, kuma shekara goma sha shida muna shiga mota ɗaya da safe zuwa firamaren da muke koyarwa a Garo, ita aji biyar, ni aji uku. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin dariya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai idona ya kai kan wata samira da ke saman kabad ɗina, sai in ajiye. Samirar tata ce, kuma sai bana na mayar da ita.

Wanda bai san ta ba, bari in fara masa da halinta na son sanin abin da babu ruwanta da shi. Ba ta taɓa yar da takardar ƙosai ba sai ta karanta. Mai ƙosan bakin makarantarmu da tsofaffin jaridu take naɗe mana, to kafin ni in cinye biyu, Malama ta baje takardar a cinyarta, ta ɗaga ta wajen haske saboda maiƙo, tana bin layi da yatsa. Idan ta tsinci abin mamaki sai ta yage wurin ta manna a wani littafin rubutu da ta yi wa bango da takardar siminti. A ciki akwai labarin Sinawan da ke binne ƙwai a toka har ya yi baƙi sannan su ci, da na littafin da bai kai farcen yatsa girma ba, da na wani gida da aka gina rufinsa yana kallon ƙasa. Matsalar ita ce mai ƙosai ba ruwanta da inda labari ya fara ko inda ya ƙare, tsakiya take yagewa. Saboda haka kusan duk abin da Malama ta sani game da duniya rabi ne, sauran rabin kuwa ita take ƙarasawa da bakinta, a cikin mota, fasinjoji suna taya ta.

Wanda ya fi damun ta shi ne labarin wani gari a ƙasar Turawa da suke da ranar fitowa titi su yi ta jifan juna da tumatir. Daidai inda za a faɗi dalili takardar ta yage. Shekara da shekaru, duk lokacin da muka wuce masu noman rani sun shanya kauɗar tumatir a bakin hanya, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Malama Hajara, a ce tumatir! Anya mutanen nan sun san miya kuwa?" Ni kuwa in ce mata ta ƙyale ni da Turawanta, ban gama duba aikin yara ba.

Kallon fim da ita kuwa sai mai haƙuri. Ranar Asabar bayan la'asar nakan shiga wurinta mu sa kaset ɗin Indiya. Ni ina share hawaye an raba yarinya da mahaifiyarta, ita kuma sai ta miƙe ta tsayar da hoton cak, wai in dubi bakin labulen da ke bayan matar. Ta ɗauko fensir da bayan tsohuwar takardar jarrabawa ta zane furen tsaf, sannan ta yarda a ci gaba. Na sha yin rantsuwa ba zan ƙara kallo da ita ba. Amma zanen nan ni take kawo wa in ɗora shi da zare a kan rigar matashi, kuma amaren unguwarmu da yawa da furen labulen Indiya suka tare, ba su ma sani ba.

Yanzu sai in zo kan samirar. Fara ce mai murfi, da jajayen furanni a gefenta, bakinta ya ɗan ɓantare a wuri ɗaya. A ciki ta fara aiko mana da abincin Kirsimeti, shekarar da suka tare. Tun da jajibere ta kawo kajinta maigidana ya yanka, don kada mu yi shakkar ci, kuma haka ta yi ta yi har ƙarshe ba tare da wani ya ce mata ta yi ba. Da na juye abincin sai na kasa mayar da kwanon, domin a gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabci babu komai a ciki, ni kuma ba ni da abin da ya kai na sakawa a ranar. Sai na riƙe shi har Sallah ta zo, na cika shi da alkaki na kai mata. Ita ma ta riƙe har nata bikin. Daga nan abin ya zama doka, ba mu taɓa zama mun tsara ba: wadda aka kai wa samira, a ɗakinta za ta zauna har ranar farin cikinta ta zo. Idan Sallah biyu suka zo a jere, sai ta nemi dalili ta dawo da ita a tsakani, ko da ƙwai huɗu ne a ciki, tana mita wai mun fi su yawan biki.

Ita cincin ne abin taƙamarta, ni kuma alkaki. A nan zan faɗi gaskiya a kaina: ina da girman kai a kan alkakina. Daga Sabon Birni har Lakwaya ana zuwa neman in yi wa amare, kuma na saba da yabo har na daina jin sa. Malama ce kaɗai ba ta yaba mini kai tsaye. Sai ta gutsura, ta lumshe ido, ta ce, "Ba laifi, amma wannan sukarin sai ya zubar wa mutum haƙora." Ni kuma in ce cincin ɗinta ya yi kyau a riƙa harbin tsuntsu da shi. Muna faɗa muna ci, ba mai bar wa wata ko gutsure.

Shekarar da ta rasu, ta aiko mini da samirar a bikin Ista, saura ni in mayar a ƙaramar Sallah. Sallar ta faɗo cikin damina. Ban san abin da ya same ni ba, ko mai ne na zuba ya yi yawa a kwaɓin, ko kwaɓin ne ya wuce lokacinsa. Ina jefa alkakin a kasko yana watsewa, na farko, na biyu, har na ƙarshe. Garin da ya zauna a gindin kaskon ya ƙone, gida ya ɗauki ƙauri. Da mai hankali ce ni, da na zuba tuwon Sallah da miyar kaji a samirar na kai mata, mu yi dariyar abin tare. Amma na hango yadda za ta kama ciki tana dariya, na hango ana ba da labarin a mota har Garo. Sai na zuba abincin a kular roba, na bar samirar a saman kabad.

Ta karɓi kular ta buɗe, ta yi godiya, sannan ta dube ni ta ce, "Ina samirata?"

Na ce, "Bana ban samu alkama mai kyau ba, Maman Godiya. Sai babbar Sallah."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Mako biyu bayan haka aka ba da dogon hutu, suka tafi ƙauyensu kamar kowace shekara. Zazzaɓin kwana huɗu ta yi. Ina tsince shinkafa a tsakar gida maigidana ya shigo ya tsaya a kaina, da na ɗago ya ce mini Malama ta rasu.

Mun je gaisuwa mun dawo. Da mijinta, Malam Bitrus, ya zo da mota kwashe kayansu, na taya su ɗaure tukwane da kwanuka, ina sane sarai da samirar, amma na ja bakina na yi shiru. Ba zan miƙa ta babu komai ba, kuma ba a kai wa gidan makoki alkaki. Na ce a raina sai an kwana biyu. Aka kwana biyu, lambar wayarsa ta daina shiga, aka ce ya koma wurin ƙaninsa, 'yarsu Godiya kuma ta tafi karatu, ba wanda ya san takamaiman inda take. Haka samira ta zauna. Duk Sallah nakan sauke ta in wanke in mayar. 'Ya'yana sun sha cewa in ba da ita sadaka in huta, ni kuwa ba tawa ba ce balle in bayar. Alkaki ma na daina yi wa kowa, na ce ciwon baya ne.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Mai ƙosai a leda take zubawa yanzu, babu abin karantawa. Amma ga waya, wadda na tabbata da ta riske ta sosai da tuwo ya sha ƙonewa a gidan Malam Bitrus. Shekaran bara ina zaune ina latse-latse sai ga su, mutanen nan na tumatir, jajur da su tun daga kai har ƙafa, suna jifa suna ihu. Wallahi sai da na yunƙura zan nufi katanga in kira ta. Na karanta abin da aka rubuta a ƙasa har ƙarshe, wai su kansu ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta koma kuka, domin wadda ta fi kowa cancantar jin wannan ba ta nan.

Abin da nake jin ba za ta so ba shi ne yadda ake rabon abincin biki yanzu. Kowa ya zuba a 'yar robar da ake ci a yar, a aika, shi ke nan. Babu wanke kwano, babu tunanin me zan sa a ciki, babu dalilin komawa gidan. Na san ya fi sauƙi, ni ma ina yi. Amma mu kwano ɗaya ne ya yi ta kai mu ɗakin juna shekara goma sha shida, har da lokutan da muka yi saɓani ba ma gaisawa sosai, saboda ko kina fushi dole ki mayar.

Bana, ana saura wata guda babbar Sallah, wani tsohon ɗalibinmu ya kai mahaifiyarsa asibiti a Zariya, ya dawo ya ce mini ma'aikaciyar jinyar da ta kula da su 'yar Malama Rifkatu ce, dariyarta ce ta sa ya gane ta. Ya kawo mini lambarta. Kwana uku ina kallon lambar ban kira ba. Sai na sayo alkama, na kwaɓa, na jefa alkakin a kasko. Bai watse ba. Washegarin Sallah na cika samirar, na ɗaure ta da sabon ɗankwali, na riƙe ta a cinyata har Zariya, yaron mota yana ta cewa in kawo a sa a but ina ƙi.

Godiya ta zama uwa, 'ya'yanta biyu. Tana kwance ɗankwalin ta ga jajayen furannin sai ta zauna a ƙasa. Na fara ba ta haƙuri, na ce akwai ƙaryar da na yi wa mahaifiyarta da nake son in faɗa. Ta share ido ta ce, "Inna, ta alkaki? Ai Mama ta sani. Ranar muna tsakar gida muka ji ƙauri ta kan katanga. Ta hana ni dariya, ta ce Malama Hajara ba ta son a ga kasawarta, kowa ya yi kamar bai ji ba." Ta ce da babanta ya tuna da samirar bayan sun kwashe kaya, ita ce ta hana shi aikowa a karɓa, saboda mahaifiyarta ta faɗa tun kafin su tafi hutu cewa a bar ta a wurina, in na shirya zan kawo.

Shekara goma ina ɗauke da kunyar abin da ta riga ta sani, ta kuma rufa mini asiri a kai. Mace mai surutu irin Malama Rifkatu, wadda ba ta iya riƙe labarin ƙwan Sinawa daga ƙofar makaranta zuwa tasha, ta riƙe wannan ta tafi da shi. Idan aka tambaye ni abin da ya rage nata, ba littafin nan mai bangon siminti zan fara ambata ba, ko da yake yana nan wurin Godiya, har yanzu da tabon mai a shafukansa. Wannan shirun da ta yi mini zan ambata. Ina kewarta ƙwarai, kuma kewar ba ta ragu ba don na sauke nauyin. Allah ya raya abin da ta bari, ya ba mu haƙurin rashinta.

Da zan taho na miƙa hannu in ɗauki ɗankwalina, Godiya ta juye alkakin, ta wanke samirar, ta ɗora ta a saman nata kabad ɗin. Ta rako ni har bakin titi, sai da na shiga mota ta leƙo ta taga ta ce, "Inna, ki gaya wa Baba ya wasa wuƙarsa. Da kajina zan zo a Disamba, ya yanka mini kamar yadda yake yi wa Mama."

Saman kabad ɗina yanzu babu komai sai zagayen da gindin samirar ya bari a jikin katako. 'Yata ta zo za ta ɗora wani kwano a wurin, na ce ta bari, akwai mai shi tana hanya.